Gurbi Biyu da Na Bari a Tafireta

Shamaki, Gombe

Zuwa ga autata Safiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki da kyau, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Legas lafiya, kin samu ɗaki mai iska da maƙwabta na kirki. Allah ya tsare ki a hanya da bayan hanya, ya sa ki shiga sabon aikinki da ƙafar dama.

Na cusa takardar cikin jakarki ban gaya miki ba, don na san halinmu. In na zaunar da ke zan yi miki nasiha, kafin a je ko'ina mun koma raha, kina dariya ina dariya, maganar ta bi iska. A rubuce kuwa ba ki da damar katse ni.

Ranar Laraba bayan la'asar, muna zaure kina ɓare mini gyaɗa, kika ba ni labarin manhajar rubutun nan da kuke ginawa ke da mutanen wasu ƙasashe. Kika ce ba ta kowa ba ce, kowa yana iya buɗe cikinta ya ga yadda aka ƙera ta, ya gyara, ya ba wani kyauta. Kika ce yanzu sun sa ki cikin 'yan kaɗan ɗin da ke yanke abin da zai shiga gangar jikinta, wato abin da duk wanda ya sauke ta zai tarar a ciki ko yana so ko ba ya so, da abin da za a bari a gefe, mai bukata ya ɗauko ya ɗora. Na ji daɗi har na kasa ɓoyewa. Amma na ga fuskarki ta canja da kika zo kan ƙawarki Bilkisu, wadda ta yi wata takwas tana haɗa abin da ke juya rubutun boko zuwa ajami, tana so a sa shi a gangar jiki, sauran kuma sun ce ke ce Bahaushiya, ke za ki faɗa. Kika ce, "Baba, in kai ne yaya za ka yi?" Na ce miki ni ban san kwamfuta ba. Gaskiya na faɗa, amma tun ranar nake tuna wasu shirme da na tafka ina saurayi, kuma ina ganin za su yi miki amfani.

Kin tashi kin ji ana ce mini Sale mai tafireta, ko da yake kin tarar sana'ar ta riga ta mutu. Lokacin da aka samu 'yancin kai ina ƙaramin aji a firamare. Abin da nake tunawa shi ne 'yar tutar da aka ba kowa da shinkafar da muka ci a filin makaranta. Da na tasa na koyi gyaran keken ɗinki, daga nan na koma tafireta a wajen wani dattijo Bayarabe mai shago a bakin Kasuwar Gombe. Da ya koma garinsu ya bar mini shagon da kayan aiki. Ban daɗe ni kaɗai ba sai kuɗin mai ya shigo ƙasa. Auta, ba ki ga wannan zamani ba. Ofisoshi suna ta buɗewa, akawu ya sayi babur, malamin makaranta ya sayi rediyo mai kaset, kowane ɗan kwangila yana so a ga tafireta a kan teburinsa ko bai iya buga sunansa ba. Aiki ya yi mini yawa har ina mayar da wani.

Abu ɗaya ne ke damuna. Duk injinan nan daga Turai suke zuwa, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Mai kula ya buga k ya bi da biro ya yi mata ƙugiya, mai gaggawa ya bar ta haka. Wani attajirin auduga a unguwarmu ya sa aka buga masa katin walima, aka rubuta "ana maraba da baki". An yi makonni ana tsokanarsa, wai shi baki kawai ya gayyata, sauran jiki ya zauna a gida. Daga nan na sa wa raina sai na yi wa abin magani. Na ciro kan harafin k daga wata matacciyar tafireta, na lanƙwasa ɗan siririn waya, na liƙa da dalma, na bi da magagari a hankali. Na ɓata da yawa kafin ɗaya ya fito. Ranar da na buga "ƙofa" ta fito da ƙugiyarta, na fita bakin shago da takardar ina nuna wa masu wucewa, har da mai rake da bai iya karatu ba.

To, amma tafireta ba ta da wurin banza. Sandunan haruffa a jere suke, kowane da gurbinsa, in za ka sa uku sai ka cire uku. Na zauna na yi tunani irin nawa, na ce ai Hausa ba ta da q, ba ta da v, ba ta da x. Na cire su ina yaba wa kaina. Injin farko da na yi wa haka na wani ofis ne, kuma wata budurwa ce ke bugawa da shi, sunanta Hajara. Ke kin san ta da Inna. Kwana uku da mayar da injin sai ga ta a shagona, ɗan dako na biye da ita ɗauke da shi.

Ta ce, "Malam Sale, ina x ɗina?"

Na ce, "Me za ki yi da shi? Wace kalmar Hausa ce ke da shi?"

Ta ce, "Rabin abin da nake bugawa Turanci ne. Wannan ke nan. Sannan in na yi kuskure, da me kake tsammani nake rufe shi? Ka taɓa zama ka buga takarda ashirin a yini?"

Na ce ban taɓa ba.

Ta ce, "Na gani."

Sai ta jawo injin gabana ta ce in dubi maɓallan. Waɗanda ake aiki da su fentinsu ya cinye, wasu har sun yi rami saboda yatsa. Can gefe kuma akwai masu alamar rabi da kwata da wasu gutsattsarin lissafi, suna ƙyalli kamar ranar aka sauke su daga jirgi. Ta ce, "Ga waɗanda ba wanda zai yi kukansu." Na ji kunya ƙwarai, don ni nake kwance injin nan kullum amma ban taɓa kallon saman maɓallan da wannan ido ba. Na rufe shago mako guda ina zagaya ofisoshi da kotu da makarantu, ina roƙon a bar ni in tsaya bayan masu bugawa. Ko'ina na je abin da ta faɗa na tarar.

Don haka, Auta, kada ki auna bukatar mutane da hannunki. Ke da abokan aikinki gwanaye ne, abin da kuke taɓawa kullum ba lallai shi ne malamin firamare ko mai rubuta takardar koke ke taɓawa ba. Kafin ki ce a sa ko a cire, ki je ki tsaya bayan mai amfani da abin, ki yi shiru, ki kalli inda yatsansa ke zuwa. In ba za ki iya zuwa ba ki tambaya, kuma ki nemi irin mutanen da ba su saba zuwa su faɗa ba.

Da na gyara, na mayar da harufa ukun na cire na gefen, sai sunana ya fita. Daga nan kaina ya fara girma. Kowa ya zo da bukata sai in ce an gama. 'Yan kasuwa suka ce sabon kuɗi ya fito, suna son alamar naira. Akawun wata kotu ya ce yana son wata alama da yake rufe shari'a da ita. Wani mai buga takardun coci, Batangale, yana son ɗigo a ƙarƙashin wasu harufa. Aminina Buba kuma, wanda muka yi firamare tare, malamin yaƙi da jahilci ne, yana rubuta darussan Fulatanci da hannu yana kwafa har yatsunsa su sage. Ya ce ɓ da ɗ sun yi masa, amma Fulatanci yana da wasu biyu, y mai ƙugiya da n mai jela. Duk na ce to.

Maimakon in ci gaba da yi wa kowa nasa, sai na ce zan ƙera inji ɗaya da zai ɗauki bukatar kowa, ya zama shi ne samfurin da zan riƙa yi. Na haɗa gangar injina biyu, na ƙara sanduna, na matse su kusa da juna, na ƙara layin maɓallai a sama. Wata huɗu ina fama. Da na gama, sai 'yan dako biyu ke iya ɗaga shi. Maƙwabtana na shago suka sa masa suna Giwa, ni kuwa na ɗauka yabo ne.

Na sa ranar gwaji, wata Juma'a da yamma, na fito da tebur bakin shago, na sayo goro da lemo. Na aika a roƙi Hajara ta zo ta buga. Ba zan ɓoye miki ba, rabin dalilin taron don ta gani ne. Mutane suka kewaye mu. Ta zauna, ta gyara mayafi, ta sa takarda. Layi na farko ya fita lafiya, na biyu ma haka, ina ta kallon jama'a ina murmushi. Da hannunta ya saki ta fara irin saurinta na ofis, sai sanduna biyar suka tashi tare suka cije a tsakiya. Na raba su. Ta sake farawa, suka sake cijewa, wannan karon har ɗaya ta karye ta faɗa cikin kofin lemon wani dattijo. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Malam Sale, wannan ai taron siyasa ka haɗa, kowa yana son magana lokaci ɗaya." Aka kwashe da dariya, dattijon ya fi kowa. Ni ban yi ba sai bayan kwana biyu. Amma da za ta tafi ta tsaya ta ce mini ƙugiyar ƙ ɗin nan ta fi ta da kyau, kuma da wannan 'yar kalma na samu ƙarfin zuciyar aika magabatana gidansu bayan sallar layya.

Giwa ba ita kaɗai ta koya mini hankali ba. Kafin ita na riga na yi wa injina da dama ƙananan ƙare-ƙare. Akawun kotun nan aka yi masa canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi bai san amfanin alamar ba, amma duk lokacin da ta maƙale ni ake kira. Wanda ya roƙi abu yakan tafi, abin ya zauna, kuma mai gyara ne ke ɗaukarsa shekara da shekaru. Saboda haka in an kawo muku abu mai kyau, kada ki tsaya a kan kyansa. Ki tambaya yaya zai zauna da sauran in an yi sauri, kuma wa zai kula da shi ranar da mai shi ya yi aure, ko ya gaji, ko ya samu wani aikin. In amsar ita ce ku, to ki dubi hannuwanku ki ga ko akwai wuri.

Abin da ya biyo baya shi ne wanda har yau in na tuna nake jin nauyi. Bayan kunyar Giwa sai na koma ɗaya gefen. Na ce daga yau harufa uku da alamar naira, ba ƙari. Duk wanda ya zo da wata magana sai in tare shi tun daga bakin ƙofa. Wata safiya Buba ya shigo da tafiretarsa da ya daɗe yana burin saya, sabuwa fil, yana fara'a. Akwai mutane a shagon. Ya ce, "Sale, tunda babbar ta ƙi, ka sa mini biyun nan a tawa." Na ce, ko ɗago kai ban yi ba, "Na daina wannan wahalar. Mutum nawa ne ke karanta Fulatancin? Ka ci gaba da rubutawa da hannu." Wani ya yi dariya. Buba ya rufe injinsa, ya ɗaura a bayan keke, ya tafi. Shekara guda bai taka shagona ba. Ya zo ɗaurin aurena, ya yi addu'a tare da jama'a, ya tafi bai tsaya cin abinci ba.

Innarki ce ta tayar da maganar, muna sabon aure. Ta ce, "Ina abokin nan naka mai keke?" Na ba ta labari ina kare kaina, na ce ba zai yiwu kowa ya samu abin da yake so ba. Ta ce, "Wannan gaskiya ne. Amma shi cewa ya yi ka sa wa kowa, ko ka sa masa?" Ta ƙara da cewa akwai sauran maɓallai biyu a gefe da ita ba ta taɓa su, me zai hana a bar su ga mai inji ya zaɓi abin da yake so.

Na yi kwanaki ina juya maganar. Matsalar ita ce in na liƙa harafi da dalma, ya zauna ke nan, in injin ya canja hannu sai an dawo wurina. Sai na yi dabara: na fere kan sanduna biyun suka zama kamar ɗan harshe, na yi wa kan harafin kube da zai zura a kai, da ɗan ƙaramin noti mai riƙe shi. Mai inji da kansa yana iya kwancewa ya canja cikin minti ɗaya. Gangar jiki ta zauna yadda take ga kowa, harufan Turanci cikakku, namu uku, alamar naira, sai gurbi biyu da ba na kowa ba. Mai coci ya sa ɗigonsa, akawu ya sa alamarsa, in an yi masa canji ya cire ya tafi da abarsa a aljihu. A duk abin da na ƙera a rayuwata ba wanda ya kai gurbin nan biyu amfani, alhali ni ban sa komai a cikinsu ba.

Na yi y mai ƙugiya da n mai jela, na naɗe su a hankici, na tafi gidan Buba ranar wata Asabar da hantsi. Na yi sallama, ya fito, muka gaisa kamar baƙi. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka kawo fura da kindirmo. Na buɗe hankicin na ajiye a gabansa. Ya daɗe yana kallo bai taɓa ba.

Na ce, "Buba, na yi maka laifi. Ka yafe mini."

Ya ce, "Ka san abin da ya ɓata mini rai?"

Na ce, "Na hana ka abin da ka roƙa."

Ya ce, "A'a. Da ka ce ba za ka iya ba, ko ba ka da lokaci, da na tafi na dawo gobe mun sha shayi. Cewa ka yi mutum nawa ne ke karantawa. Da wannan harshen uwata ta yi mini waƙa, Sale. Kuma a gaban mutane ka faɗa."

Can sai ya ɗauki n ɗin ya ɗaga shi sama yana dubawa, ya ce, "Jelar ta yi tsawo." Na ce zan rage. Ya ce, "Bar ta, haka nake yin tawa." Ya shiga ya fito da injin, muka ɗaura su tare a nan kan tabarma. Kalmar farko da ya buga ban san ma'anarta ba, amma ya kira matarsa ta leƙo daga bayan labule ta gani, ya ce mini "useko", wato na gode, ya fi sau biyar. Kin san Baffa Buba har ya rasu ba a yin sha'ani a gidan nan ba da shi ba.

To ki riƙe wannan da kyau. Za ki ce a'a sau da yawa, aikin da aka ba ki ke nan, kuma wanda ba ya iya faɗinta bai kamata a ba shi makulli ba. Amma ki ce wa abin a'a, kada ki ce wa mutumin ko mutanensa. Kada ki taɓa ƙirga wa mutum yawan masu jin harshensa. Mu ma an ƙirga mana, shi ya sa injinan suka zo ba ƙugiya. Kuma kada a'arki ta zo hannu rabbana, ki zo da wurin da abin zai zauna.

Akwai wani ɗan guntun kuma. Duk wannan lokacin ina ɓoye yadda nake yin ƙugiyar. Akwai masu gyara biyu a garin ban da ni, in na hango ɗayansu tafe sai in jefa tsumma a kan teburin aiki. Shekarar da Allah ya nufe ni da aikin Hajji, na yi makonni ba na nan. Na dawo na tarar injina da dama sun lalace, ba wanda ya san yadda zai taɓa su, har wani ofis ya gaji ya sa an mayar masa da harufan Turawa. Aikin shekaru ya kusa rushewa saboda rowata. Na kira su biyun, na zana musu komai a takarda, na nuna musu da hannu. Ba a yi wata uku ba ɗayansu ya zo ya nuna mini cewa in an yi ƙugiyar da tagulla ta fi waya ƙarko. Ya fi ni gaskiya, na koma yin irin nasa. Bayan wasu shekaru na je Yola biki, na shiga wani shago a buga mini takarda, sai na ga tafireta da ƙugiya da gurbi biyu, aikin wani da ban taɓa gani ba, kuma ya fi nawa tsabta. Na tambayi mai shagon wa ya ƙirƙiro wannan, ya ce shi dai haka ya ga ana yi. Na fito ina dariya ni kaɗai a titi. Shi ya sa da kika ce manhajarku a buɗe take kowa ya gani, ban yi mamakin da kika zata zan yi ba. Ku kun fara daga inda ni sai da na sha wuya na isa. Abin da zan ƙara kawai, in kun yanke hukunci ku rubuta dalilinsa a inda kowa zai gani, don wanda zai zo bayanku kada ya tsaya yana zato.

Yanzu ga amsar tambayarki, kuma ra'ayin tsoho ne, ke ce a wurin. Kin ce har yanzu in mutum ya nemi kalma mai ƙ a manhajar, wani lokaci takan ruɗe, wasu kuma suna cewa a bar wannan ga mai so ya ɗora. Nan kada ki sassauta. Abin da in babu shi mutum ba zai iya rubuta sunansa da na garinsu daidai ba, wurinsa gangar jiki, ko ana so ko ba a so. Ki faɗa musu da ladabi, ki maimaita har su ji.

Na Bilkisu kuwa, Allah ya sani ina son sa. Da ajami na fara karatu, da shi mahaifina yake rubuto mini saƙo, kuma da za a bi son raina da an sa shi a shafin farko. Amma mutum yana iya rubuta wasiƙarsa cikakkiya ba tare da shi ba, kuma kin ce babba ne, ita kaɗai ta san cikinsa. A ganina wurinsa gefe. Sai dai aikinki bai ƙare da faɗin haka ba. Ki tabbata wurin ɗora shi ya yi daidai da shi, ba ya girgiɗi, in akwai abin da za a fere a gangar jiki don ya zauna da kyau, ke ki fere. Ki sa shi inda mai nema zai gan shi da wuri, da sunanta a jiki. In shekara ta zagayo kuka ga mutane sun rungume shi, kuma an samu wasu da suka iya gyara shi, ba abin kunya ba ne ku sake zama.

Kuma kafin ki rubuta ko kalma ɗaya a inda jama'a ke karantawa, ki kira ta. In da hali ki je da ƙafarki. Ta ji daga bakinki ku biyu, ki fara da gaya mata abin da ya burge ki a aikin, don na san akwai. Wataƙila ta yi fushi. Ki bar ta ta yi, wata takwas ba wasa ba ne. Kada dai ki bari ya kai shekara kamar nawa.

Na ba Innarki takardar nan ta duba kafin in rufe. Ta gyara mini kuskure huɗu, ta ce labarin lemon dattijo ba haka ya faru ba, shayi ne, na ce lemo ne, har yanzu ba mu daidaita ba. Sannan ta ce in ƙara maganar yaji da daddawar da ta sa miki a ƙasan akwati, da maganar karin kumallo, da kiran yayyenki, da wasu abubuwa da ba su ƙarewa. Na ce mata takardata ta cika, ba wuri. Ta dube ni yadda ta dube ni ranar x, ta ɗauko nata biron. Za ki ga tata a manne a bayan wannan, ta fi tawa tsawo. Ki fara karanta tata, don in ta kira ita za ta fara tambaya.

Ki riƙe salla a kan lokaci, ki ci abinci, ki yi dariya da mutane. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki basira wajen yanke hukunci da taushin harshe wajen faɗinsa. Ya kare ki daga sharrin hanya da na gari, ya haɗa ki da masu son ki da gaskiya, ya dawo mana da ke lafiya mu gan ki da idonmu. Duk gidan suna gaishe ki.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Sale mai tafireta